Tseren motocin rimot: 'Kayan wasan yara' da manya ke kashe wa dukiya da lokaci

Mutum goma ne tsaye a jere kan wani dandamali mai tsawo, kowa riƙe da rimot, babu mai kula ɗan'uwansa. A ƙasansu akwai motoci goma, kowacce tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, an jera su a bakin layi.

Da zarar an kaɗa ƙararrawa sai su fyalla a guje. Minti biyar kacal ake yi. Wanda ya fi yawan zagaye a cikin wannan lokaci shi ne ya ci, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Wanda ya ga bidiyon irin wannan tsere a wayarsa zai iya ɗauka wasan yara ne. Amma akasarin waɗanda ke kan dandamalin magidanta ne, wasunsu ma albashi kamfanoni ke biyan su don su yi wannan tuƙi. Kuma duk wanda ya san harkar zai gaya maka cewa rabin tseren ana cin sa ne tun kafin a ajiye mota a fili, a kan teburin da ake kwance ta a sake ɗaurawa.

Daga kanti zuwa gasar duniya

Motocin rimot iri biyu ne. Akwai na kanti, waɗanda ake saya wa yara da Sallah, idan sun lalace sai a jefar. Akwai kuma na tsere, waɗanda galibi a wargaje ake sayar da su cikin kwali, mai su ya zauna ya haɗa da hannunsa, kuma kowane ɓangare nasu ana iya cire shi, a saita ko a sauya.

Kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a ƙasar Japan, wanda ya faro a matsayin kamfanin katako a 1946, ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976, wato ƙaramin samfurin Porsche 934 mai aiki da batir. A 1984 kuma kamfanin Team Associated na Amurka ya fitar da RC10, motar da ta zama abin koyi a tseren kan turɓaya.

Hukumar da ke kula da wasan a duniya, IFMAR, an kafa ta a 1979. A ƙarƙashinta akwai ROAR ta Amurka da Kanada, da EFRA ta Turai, da FEMCA ta gabashin Asiya, da FAMAR wadda Afirka ta Kudu da ƙasashen Kudancin Amurka ke ciki.

An yi gasar duniya ta farko ta motocin lantarki masu tsere a turɓaya a 1985 a jihar Kalifoniya. Bayan shekara biyu, a garin Romsey na Ingila, wani matashi ɗan Japan mai shekara 17, Masami Hirosaka, ya ɗauki kofinsa na farko. Kafin ya ajiye rimot sai da ya tara kofin duniya 14. Mahaifinsa ne bakanikensa, shi ke kwana kan saita masa mota.

Afirka ma ta karɓi baƙuncin gasar. A 2018 an yi ta duniya ta motocin kwalta a garin Welkom na Afirka ta Kudu, inda Bruno Coelho ɗan ƙasar Fotugal ya yi nasara.

Shi kansa Lewis Hamilton, wanda ya lashe gasar Formula 1 sau bakwai, da motar rimot ya fara. Mahaifinsa ya saya masa ita tun bai wuce shekara shida ba, kuma ya taɓa zuwa na biyu a gasar ƙasa ta Birtaniya yana fafatawa da manya.

Injin da bai kai gwangwanin madara ba

Yawancin motocin tsere ana ƙera su ne a kan ma'aunin ɗaya bisa goma na girman motar gaske. Injin lantarkin da ke jan su ana kiran girmansa 540, sunan da ya samo asali daga wani injin kamfanin Mabuchi na Japan. Faɗinsa kimanin milimita 36 ne, wato ƙaramin gwangwanin madara ma ya fi shi girma.

Shekaru da dama injinan masu burushi ne, irin burushin gawayin da ke cikin injin huda bango ko na markaɗe. Burushin yana goga ne a jikin wani zoben tagulla da ke juyawa, ta nan wuta ke shiga. Gogayya kuwa tana cin duka biyun.

Saboda haka a wancan zamani duk mai tsere na gaske yana yawo da ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe. Bayan 'yan tsere kaɗan sai ya kwance inji, ya feƙe zoben ya dawo sumul, ya sa sabon burushi, ya zaɓi sifirin ɗin da zai danne shi. Wanda ya iya wannan aiki yana gaban wanda bai iya ba, ko da kuwa injinsu iri ɗaya ne.

A farkon shekarun 2000 ne injinan da ba su da burushi suka fara shigowa, kuma kafin ƙarshen waɗannan shekaru sun mamaye filayen tsere. A cikinsu an juya tsarin: koyil ɗin wayar tagulla yana tsaye a jikin gwangwanin, maganaɗisu ne ke juyawa a tsakiya. Babu abin da ke goga wani sai boris biyu. Aikin da burushi ke yi na raba wuta ya koma hannun wata 'yar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake kira ESC, wadda ke tsakanin batir da inji.

A injinan tsere akwai ƙananan na'urorin ji guda uku a ƙarshen gwangwanin, masu sanar da ESC inda maganaɗisun yake a kowane lokaci. Su ne ke sa mota ta tashi lami lafiya ba tare da fizga ba idan direba ya taɓa totur a hankali a tsakiyar kwana.

Me lambar da ke jikin inji ke nufi?

A jikin kowane inji za ka ga lamba kamar 21.5 ko 17.5 ko 13.5 ko 4.5. Wannan adadin naɗin wayar ne a koyil. Duk mai gyaran fanka ko injin ban-ruwa ya san dokar: idan naɗi ya yi kaɗan kuma wayar ta yi kauri, wuta za ta ratsa da yawa, inji ya yi gudu sosai, ya sha batir, ya kuma yi zafi. Idan naɗin ya yi yawa, gudu zai ragu, amma injin zai fi sauƙin sarrafawa.

A kan wannan lamba aka raba ajin tsere. A ƙayyadadden aji, kowa dole ya yi amfani da naɗi ɗaya, misali 17.5 ko 21.5. A buɗaɗɗen aji kuwa, inda ƙwararru ke gwabzawa, mutum na iya sa wanda ya ga dama. Motar kwalta mai inji 4.5 tana iya haura kilomita 100 a awa a doguwar miƙa.

Akwai wata lambar kuma, KV, wadda ke nuna sau nawa inji zai juya a minti ɗaya a kan kowane bolt na wutar da aka ba shi idan ba ya jan komai. Inji mai KV 3,500 da aka haɗa da batir mai bolt 7.4 zai juya kusan sau 25,900 a minti.

Sabon shiga yakan ɗauka babbar lamba ita ce nasara. Ba haka ba ne. A ƙaramin fili mai kwana da yawa, inji mai tsananin ƙarfi tayoyi kawai zai riƙa murzawa a banza, motar ta yi ta dukan shinge.

Lissafin giya

Waɗannan motoci ba sa canza giya a guje. Giya ɗaya gare su, kuma tun a tebur ake zaɓen ta. Akwai ƙaramin giya a bakin inji, akwai babba da yake juyawa, sannan akwai wani ragin da aka gina a cikin motar kanta.

Ga misali. Idan babban giya yana da haƙori 100, ƙarami yana da 40, ka raba ka samu 2.5. Idan ragin cikin motar 1.9 ne, ka ninka ka samu 4.75. Ma'ana sai inji ya juya sau 4.75 kafin taya ta juya sau ɗaya.

Da injin nan mai juyi 25,900 da taya mai faɗin milimita 64, lissafi zai ba da gudun kusan kilomita 66 a awa. Idan aka sauya ƙaramin giyan da mai haƙori 42, adadin zai sauko zuwa 4.52, gudun kuma ya hau zuwa kusan kilomita 69. Wannan a takarda ke nan, domin a fili iska da nauyi da gogayya za su rage wani abu.

To me zai hana kowa ya sa babban giya? Duk wanda ya taɓa hawan keke mai giya ya san amsar. Giya mai nauyi yana da daɗi a miƙaƙƙiyar hanya, amma tashi da shi wahala ne. Haka injin yake ji a fitowa daga kowace kwana, kuma wahalarsa zafi take zama.

Shi ya sa da an gama tsere za ka ga direba ya ruga ya haska ma'aunin zafi a jikin inji. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada zafin ya wuce wajen digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyas. Maganaɗisun da ke ciki yana rasa ƙarfinsa idan ya gasu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Injin da aka ƙona sau ɗaya zai ci gaba da juyawa, amma ba zai sake tashi da kuzari kamar da ba.

Taimin: riba da hasara

Makanikan mota sun san taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. A injin lantarki ma akwai makamancinsa: ana iya sa ESC ta riƙa tura wuta zuwa koyil na gaba tun kafin maganaɗisu ya iso daidai wurin.

Ana yin haka ta hanya biyu. Ta farko ita ce a kwance sukurorin murfin bayan injin a ɗan murza shi, akwai zanen digiri a jiki. Ta biyu ita ce ta cikin manhajar ESC, wadda a yau ake saitawa da ƙaramin akwati ko da wayar salula. Ana iya umartar ta ta riƙa ƙara taimin yayin da juyin inji ke ƙaruwa, sannan ta ƙara wani a kai idan direba ya danne totur gaba ɗaya a miƙa.

Ƙarin taimin yana ƙara juyi, amma yana rage ƙarfin tashi, yana kuma ƙara zafi. Giya da taimin kamar masu ɗebo daga rijiya ɗaya suke: idan ka ƙara wa ɗaya, dole ka rage wa ɗaya, in ba haka ba inji ya biya bashin.

Lokacin da wannan dabara ta manhaja ta bayyana, ta kusa rusa ma'anar ƙayyadadden aji, domin motar da aka ce ta masu koyo ce ta koma tana gudu kamar ta ƙwararru. Sai hukumomi suka fito da doka: a wannan aji, ESC ba za ta ƙara ko digiri ɗaya ba. Idan tana kan wannan tsari, wata 'yar fitila a jikinta tana ƙiftawa, don alƙali ya gani da ido ba sai ya jona kwamfuta ba.

Ƙarfi ba ya amfani idan taya ba ta kama ƙasa ba

Duk ƙarfin da inji ya samar, ta wurare huɗu ƙanana yake isa ƙasa. Saboda haka tsofaffin hannu suna cewa taya ce gaba da komai.

Kowane irin fili da tayarsa: kwalta, kafet, yumɓu, turɓaya, ko ciyawar roba irin wadda aka shimfiɗa a gasar duniya ta 2015 a filin Yatabe Arena da ke Tsukuba a Japan. A inda doka ta yarda, ana shafa wa taya wani ruwa da ke tausasa roba, a kuma sa ta cikin na'urar ɗumama kafin tsere.

Sai dai kamun ƙasa ma idan ya yi yawa matsala ne. A kan kafet, mota na iya kama ƙasa sosai har ta wuntsila a kwana. Maganin da wasu ke yi shi ne su shafa gam mai saurin bushewa a gefen tayoyin gaba, don gefen ya riƙa zamewa kaɗan.

Bayan taya sai saitin ƙafafu, abin da masu mota ke kira alaimen. Ana ɗan kwantar da saman tayoyi zuwa ciki da digiri ɗaya zuwa biyu, domin idan mota ta karkata a kwana, tayar waje ta zauna daram a ƙasa. Tayoyin baya ana ɗan karkato bakinsu ciki da wajen digiri uku don baya ya natsu idan an ba da wuta. Na gaba kuma akan ɗan buɗe su waje don mota ta faɗa kwana da sauri.

Tsakanin cikin motar kwalta da ƙasa wajen milimita biyar ne kawai, kuma sauyin rabin milimita direba yana jin sa a hannu.

Shokozoba guda huɗu cike suke da man silikon da ake sayarwa da lambar kauri, kamar 300 ko 400 ko 500. Mai kauri yana sa mota ta karkata a hankali, mai ruwa-ruwa yana sa ta amsa da wuri ta kuma haɗiye gargada. Akwai irin wannan mai a akwatin giyan da ke raba ƙarfi tsakanin tayar hagu da ta dama, shi ma kaurinsa na sauya yadda mota ke shiga kwana da fita.

Duk wannan saiti ƙoƙari ne na magance cuta biyu. Ko dai mota ta ƙi lanƙwasa, ka murza sitiyari tana miƙewa, ko kuma bayanta ya zame ta juya ta kalli inda ta fito. Maganin ɗaya idan ya yi yawa shi ke haifar da ɗayar.

Manyan direbobi suna wallafa takardar saitinsu bayan kowace gasa, kowa na iya saukewa kyauta. Amma kwafar ta ba ta mayar da mutum gwani, domin an yi ta ne don wani fili, da wani yanayi, da hannun wani. Ƙa'idar da ake koya wa kowane sabo ita ce: sauya abu ɗaya tak, ka gwada, ka duba agogo, ka rubuta. Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda, ko motar ta gyaru ba zai san wanne ne ya gyara ta ba.

Agogon kuwa ba ya son kai. Kowace mota tana ɗauke da 'yar na'ura mai lamba, akwai kuma waya a shimfiɗe a layin ƙarshe da ke rubuta lokacin kowane zagaye har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Batir: ƙarfi da haɗari

A da, batiran da ake amfani da su shida ne a jere masu ba da bolt 7.2, kuma babban tsoron direba shi ne wuta ta ƙare kafin tsere ya ƙare. Mutum na iya jan ragama tun daga farko, a zagayen ƙarshe motarsa ta koma tafiyar kunkuru.

Batiran litiyam da ake kira LiPo sun kawar da wannan fargaba. Na motocin ɗaya bisa goma ɗaki biyu gare shi, bolt 7.4 a rubuce, 8.4 idan ya cika. Kafin a shiga fili a manyan gasanni, alƙalai kan auna shi, su auna nauyin motar, wanda ya wuce iyaka a dakatar da shi.

Amma sun zo da nasu haɗarin. Batirin LiPo da aka cika fiye da kima, ko aka huda, ko ya kumbura, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Shi ya sa filayen tsere da dama ke tilasta yin caji a cikin jakar da ba ta cin wuta.

Duk da haka akwai masu kasada. An gano cewa batir mai ɗumi ya fi sakin wuta da sauri, sai wasu suka shiga ɗura masa caji da ƙarfin da ya ninka wanda aka tsara, don kawai ya yi zafi kafin tsere. Ribar 'yar kaɗan ce, batirin yana saurin mutuwa, kuma teburin da ake wannan aiki yana kusa da na wasu, har da yara. Masu shirya gasa da yawa sun sa iyaka a kan ƙarfin caji da zafin batir saboda wannan.

Ajin talaka da ya koma na masu kuɗi

A nan ne babbar muhawarar wasan take. An ƙirƙiro ƙayyadadden aji ne don a rage kashe kuɗi, a bar gwaninta ta yi magana. Amma abin ya zo da akasi.

Idan kowa injinsa 17.5 ne kuma ba shi da ƙarfin da ya wuce buƙata, to ɗan bambanci kaɗan yana iya raba na ɗaya da na biyar. Injina biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya ba sa zama daidai ɗari bisa ɗari: wani koyil ɗinsa ya fi sakin wuta, wani maganaɗisunsa ya fi ƙarfi. Sai mai hali ya sayi da yawa, ya auna su da na'ura, ya zaɓi mafi kyau. Akwai ma masu sayar da waɗanda aka riga aka tantance a farashi mafi tsada. Ga shi kuma sabbin samfura na fitowa a kai a kai, na bara ya zama tsoho.

Abin mamaki, a buɗaɗɗen aji wannan matsala ba ta da ƙarfi, domin ƙarfin injin ya riga ya fi abin da taya za ta iya ɗauka. A can yatsan direba ne ke rarrabewa.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Gangar jikin motar tsere mai daraja ta farko kaɗai tana cin ɗaruruwan daloli, ba inji, ba batir, ba rimot. Kafin a haɗa komai a shiga fili, lissafin na iya haura dala 1,000, ban da tayoyin da ake sauyawa a kai a kai. Matashin da ya zo da abin da ya iya tarawa, ya ga ana wuce shi a miƙa ba don an fi shi iya tuƙi ba, sau da yawa ba ya dawowa. Ƙungiyar da ba ta samun sabbin shiga kuwa, wata rana za ta rasa kuɗin hayar fili.

Masu shirya gasa suna gwada magunguna. A wasu gasanni su ke raba inji iri ɗaya ga kowa, a mayar bayan an gama. A wasu an ƙayyade giyan da ba za a wuce ba. A manyan gasanni na kwalta kowa taya iri ɗaya yake sawa, kuma an ƙidaya adadin da zai yi amfani da shi. Bayan tseren ƙarshe alƙalai na iya kwance injin waɗanda suka yi nasara don a tabbatar ba a taɓa koyil ba.

Wata al'adar da ta rage girman kai a wasan ita ce, duk wanda ya gama tserensa, komai sunansa, sai ya sauko ya tsaya a gefen fili yana tayar da motocin 'yan zagaye na gaba idan sun kife.

Ga mai sha'awar gwadawa

Ilimin da ke cikin wannan wasa bai tsaya a filin tsere ba. Irin wannan inji marar burushi, da ESC, da batirin litiyam, su ne a cikin jirage marasa matuƙa da ake ɗaukar hoton biki da su, da babura da kekuna masu lantarki. Yaron da ya fahimci dalilin da ya sa babban giya ke ƙona inji ya kama hanyar fahimtar su duka.

Wanda zai saya, ya fara tambayar ko ana samun kayan gyaran motar, domin hannun taya da giya za su karye ko ba daɗe ko ba jima. Ya fara da inji mai naɗi da yawa, ya koyi zagaye ba tare da karo ba. Karo ɗaya yana cin daƙiƙun da babu injin da zai dawo da su. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

A wuraren da zafin bazara ke haura digiri 40, kamar Sakkwato da Maiduguri, inji yana fara aiki ne da zafinsa, don haka sai a rage giya, a sa masa 'yar fanka, a bar shi ya huce tsakanin gudu da gudu. Ƙurar hunturu kuma tana cin boris da giya, sai an riƙa sharewa.

Batir kuwa kada a bar shi a cikin motar da aka rufe a rana, kada a yi cajinsa a tafi a bar shi, kuma kada a yi amfani da caja da ba tasa ba. Idan za a ajiye shi kwanaki, a bar kowane ɗaki a wajen bolt 3.8, ba a cike ba, ba kuma a ƙare ba. Wanda ya kumbura an gama da shi. Mai shigowa da shi ta jirgin sama kuma ya sani cewa batirin litiyam da ba ya cikin na'ura a jakar hannu ake riƙe shi, ba a kayan da ake aunawa ba.

A 2014 wani Ba'amurke, Nic Case, ya kai motarsa ta rimot gudun sama da kilomita 325 a awa, kundin Guinness ya rubuta. Wannan a miƙaƙƙen layi ne, ba kwana, ba abokin hamayya. A filin tsere, inda mota goma ke rububin kwana ɗaya, kofi yakan tafi ne ga wanda ya yi minti biyar bai taɓa shinge ba, kuma injinsa ya iso layin ƙarshe bai gasu ba.